Tsohuwar tarakta mai fetur: arha ce ko tarko?

Dillali, Sinnar: Salamu alaikum jama'a. Tarakta ƙirar Massey Ferguson 135 guda biyu ne a kasuwa, tsararrakin juna, ɗaya mai dizal ɗaya mai fetur, kuma rabin kuɗin mai dizal ake nema a mai fetur ɗin. Ni dai matsayina, tsohuwar tarakta mai fetur ba ta da kima a Sudan, ko kyauta aka ba ka asara ka ɗauko. Mai ja ya fito.

Malamin gona, Wad Madani: Wa alaikumus salam Alhaji. A fara daidaita suna, don 'yan'uwa na Saudiyya da na gida Najeriya. Abin da ake kira jaz ko jazolin a nan shi ne dizal, banzin kuwa fetur. Lissafin yana bayanka: injin dizal yana matse iska ninki 16 zuwa 18, tsohon injin fetur bai wuce 6 ko 7 ba, shi ya sa aikin da mai fetur za ta sha lita 8 a awa, mai dizal wajen lita 6 ya ishe ta. A awa 600 bambancin ya kai lita 1,200, duro shida ke nan. Amma mai lambun albasa a bakin kogi da ba ya wuce awa 100 a shekara, duro ɗaya kacal ne. Yaushe duro ɗaya a shekara zai biya rabin kuɗin tarakta?

Usta (makaniki), Gadarif: Alhaji ka yi saurin yanke hukunci. Irin man da take sha ba shi ne farkon abin dubawa a tsohuwar tarakta ba. Mai dizal da ta gaji ta fi mai fetur lafiyayya cin kuɗi nesa ba kusa ba. A je wajenta da sassafe ba tare da an sanar da mai ita lokaci ba, a taɓa jikin injin. In da ɗumi, an riga an tayar da ita don a ɓoye wahalar tashi. Injin 135 mai dizal ƙirar kamfanin Perkins ne mai silinda uku, lita 2.5, in yana da lafiya juyi kaɗan yake yi ya kama. In sai an fesa masa maganin tayarwa, ringi sun tafi. Sai hayaƙi: shuɗi baƙin mai yake ƙonawa, baƙi ko nozul mai fesa dizal ne ko matatar iska ta toshe, fari da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi ko ruwa ne ke shiga silinda ko man ba ya ƙonewa. A sa hannu a bakin bututun numfashin inji, in yana huci kamar tukunya yana ɗigar mai, amra ta zo, wato fiston, ringi, hannun silinda da bearin duka. A buɗe lagireto tun inji na sanyi, a tayar, in kumfa na tasowa gaskit ɗin kai ya ƙone. Mai dizal da ta faɗi biyu daga cikin waɗannan, cire kuɗin amra daga farashinta ka ga ko har yanzu ta ninka mai fetur.

Baba manomi, Mai Wurno: Usta, duk na ji. Amma ku tuna aikinmu na damina ne. An gama girbi tarakta ta kwanta wata biyar ko shida. Fetur in ya kwana haka a tanki sai ya yi danƙo ya toshe kafireto. Ga zafin watan Afrilu da Mayu da ke sa shi tafasa a cikin bututu inji ya mutu a tsakiyar gona. Ga gobara a cikin busasshen karan dawa. Sannan fetur ƙafa gare shi, kowane babur da raksha (keke mai ƙafa uku) na ƙauye abincinsa ne.

Ɗan kasuwar kayan gyara, Damazin: Baba, dizal ma ai yana da nasa ciwon. Famfon mai na kamfanin CAV da ke jikin Perkins man da ke ratsa shi ne ke shafe shi, don haka ruwa ko ƙasa kaɗan daga man duro sun isa su cinye shi, kuma ba gyaran gindin bishiya ba ne, sai an kai wa masu injin gwaji a birni. Mai fetur kuwa fulogi, kwayil, kwandansa da wanke kafireto, yaron makaniki ma ya iya. Mai sayen man duro ya jingine duron a karkace ya kwana, ya ɗiba daga sama, ya riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a gindin filta.

Usta, Gadarif: Yallaɓai kai da kayan gyara ke hannunka, faɗa mana gaskiya. Filta, nozul da ringin Perkins ko'ina akwai su. Mai fetur ɗin galibi don kasuwar Amurka aka yi su, da yawa da injin Continental mai silinda huɗu. In distiributa mai raba wuta ga fulogi ta fashe yau, a shagon wa za a samu?

Ɗan kasuwar kayan gyara, Damazin: A nan ka kama ni, Usta. Sai an yi odar sa daga waje, kuma shuka ba ta jira.

Malamin gona, Wad Madani: Wani abin kuma, 135 ƙarfinta wajen doki 45 ne. Baƙar lakar Gadarif da faffaɗar garmar disk sai mai doki 70 zuwa 80, irin su Massey Ferguson 290, su kuma dizal ne. Gardamar ta masu tirela, lambu da ƙananan gonaki ce kawai.

Dillali, Sinnar: To ni da na ga agogon ƙirga awannin aikin mai fetur ɗin awa 3,000 kawai ya nuna, hakan bai ƙara mata daraja ba?

Usta, Gadarif: Tarakta da aka fara ƙerawa a 1964 ce za ta yi awa 3,000? Agogon waya ke juya shi, wayar na tsinkewa a yi shekaru ba a sa ba, ana kuma canza agogon ɗungurungum. Dubi fedar kuloci yadda ta sule, da ramin ƙarfen jan tirela ko ya zama kamar ƙwai. Rataya mata garma, ɗaga, kashe inji. In garmar ta sauka cikin 'yan mintuna, hayidirolik na yoyo a ciki. Man giya da na hayidirolik ɗaya ne a wannan tarakta, in ya koma kamar madara ruwa ya shiga ta robar sandar giya. Kuloci in yana zamewa sai an raba tarakta biyu. Tayoyin baya kuwa kowa ya san kuɗinsu. Waɗannan duka ba ruwansu da jaz ko banzin.

Baba manomi, Mai Wurno: Ku ƙara da takardu. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 an kwashi injinan noma da yawa, musamman a Jazira. Arha irin wannan, a gwada lambar inji da ta jikin tarakta da abin da ke rubuce a takarda, a kuma kawo shaidun da suka san mai ita.

Dillali, Sinnar: Na janye maganar kyauta, Baba. Amma rabin kuɗi har yanzu ya yi yawa, don ranar sayarwa ni ne zan yi yawon neman mai saye. Usta, in ka samu sarari ranar Asabar bayan sallar asuba mu je ka taɓa injinan biyu.