Neman kalma: me za mu kira discography da Hausa?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum malamai. Ina haɗa wani ɗan rubutu ne kan W. C. Handy, baƙar fatar Amurkan nan da aka haifa a jihar Alabama a 1873, ya rasu a 1958, wanda ake yi wa kirari da uban kiɗan buluz (blues), wani salon kiɗa na baƙaƙen fatar Amurka. Na zo kan kalmar discography na cije. Abin da take nufi shi ne cikakken lissafin abin da aka ɗauka a faifai na wani makaɗi: sunan waƙa, ranar ɗauka, garin da aka ɗauka, kamfani, lambar faifai, da waɗanda suka yi busa da kiɗa a ciki. Ba na son in rubuta "disikogirafi", ko a baki ba ta zauna ba. A taimaka.

Malama 'Yar Zazzau: Wa'alaikumus salam. Me ya hana ka ce diwani? Mun saba da ita a makarantu, an ma buga diwanin waƙoƙin baka.

Tsohon Ɗan Rediyo: Malama, a gafarce ni, diwani ba ta ɗauko kayan ba. Diwani baitoci yake tarawa. Waƙa ɗaya, shafi ɗaya, ko da mutum ɗari sun rera ta. Shi kuwa wannan lissafin ba ruwansa da baitoci, ɗaukar yake bi. Ɗauki St. Louis Blues, da Handy ya buga a takarda a 1914. A diwani sau ɗaya za ta fito. A wancan lissafin kuwa, ɗaukar da mawaƙiya Bessie Smith ta yi wa kamfanin Columbia a Janairun 1925, Louis Armstrong na amsa mata da ƙaho, layinta daban. Wadda ta rera a ɗan gajeren fim ɗin 1929, layinta daban. Wadda Armstrong ya sake yi a 1954, a faifan da ya keɓe wa waƙoƙin Handy, ita ma daban. Ban da wannan, Memphis Blues da Handy ya fitar a 1912, 'yan badujalar kamfanin Victor ne suka ɗauke ta a 1914, busa ce zalla ba murya. To me diwani zai rubuta a nan?

Malama 'Yar Zazzau: Na karɓa, Baba. To taska fa?

Ɗan Fagge: Taska tana sa ni tunanin ɗakin da aka jibge faya-fayan kansu. Wannan kuwa takarda ce, mai ita yana iya rasa ko faifai ɗaya a gidansa.

Bazindariya: Ni dai rajista zan ce. Rajistar waƙoƙi. Ba lamba da kwanan wata ba ne? Kowa ya san rajista, daga asibiti har makaranta.

Ɗan Kasuwar Kurmi: Ko kundin naɗe-naɗe, tun da ana cewa naɗar murya.

Bazindariya: Haba yaya, wanda ya ji wannan sai ya ɗauka littafin masarauta ne, ya buɗe yana neman wa aka naɗa Ciroma.

Tsohon Ɗan Rediyo: Ku bar ni in ɗan yi tsawo, don sai an san yadda abin ya samo asali kalmar za ta faɗo da kanta. Yaran yanzu ba su riski garmaho ba. Faifansa baƙi ne, mai nauyi, da wani irin ƙaro ake yin sa, in ya suɓuce maka ya faɗi a siminti sai dai ka share. Yana juyawa sau 78 a minti, kowane gefe bai fi minti uku da 'yan kai ba. Ka yi wa garmahon wani da hannu, ka sa sabuwar allura, ka ɗora a hankali. Idan ka karkata faifan wajen haske, tsakanin inda zaren waƙa ya ƙare da takardar tsakiya, za ka ga wasu ƙananan lambobi da aka tsaga a jikinsa. Wannan lambar ita ce ta ainihin ɗaukar, har da ko karo na nawa ne aka yi ta kafin ta karɓu.

Kafin 1925 ko makirfo ba a amfani da shi. Makaɗa kan taru gaban wani babban mazurari su busa a ciki, allura tana tsaga sautin a kan faifan kaki mai laushi. Mai ƙarar busa a tura shi baya, mai sanyin murya ya matso. Kamfanoni kuma ba su damu da rubuta sunan kowane mai busa ba, wani lokaci ma sunan ƙarya suke liƙawa saboda makaɗin yana da yarjejeniya da wani kamfanin. Shi ya sa masoya kiɗan jaz suka shiga bin waɗannan lambobi ɗaya bayan ɗaya suna tambayar tsofaffin makaɗa. Wani Bafaranshe, Charles Delaunay, ya fitar da irin wannan littafi tun 1936. Aikin gaba ɗaya a jikin faifai yake rataye. Don haka ni kundin faifai nake gani. Kundi ya ba mu tarin rubutu na mai bincike, faifai ya gaya mana na mene ne.

Ɗan Kasuwar Kurmi: Allah ya ƙara girma. Amma yau wa yake ganin faifai? Komai a waya yake.

Malama 'Yar Zazzau: Faifan ne ya tafi, kalmar tana nan daram. Kullum a labarai sai ka ji "wani faifan bidiyo da ke yawo a WhatsApp". Tun farko ma daga faifan rufe ƙwarya aka aro ta aka ba garmaho, ga shi ta tsallaka intanet. Ina bayan Baba.

Ɗan Fagge: Ta kwanta mini. Saura ƙulli ɗaya, kuma shi ne ya fi damuna. Handy mai tsara waƙa ne da buga ta a takarda, har kamfanin ɗab'i suka kafa shi da Harry Pace. Ya kai ƙungiyarsa birnin Niyok a 1917 sun yi wa Columbia ɗauka, amma abin da ya ɗauka da kansa bai taka kara ya karya ba in aka jera da abin da wasu suka ɗauka na waƙoƙinsa. In na ce kundin faifan Handy, mai karatu zai zaci muryarsa ce ko busarsa, don mu mun saba da irin su Shata, mai waƙa shi ne mai rerawa.

Malama 'Yar Zazzau: Ba ko'ina ba. Aliyu Namangi ya wallafa Imfiraji, amma mutane da yawa a bakin almajirai da makafi suka fara jin ta. Muna da wannan rabon tsakanin mai tsarawa da mai rerawa. Sai ka raba su da kalma ɗaya: kundin faifan Handy shi ne abin da ya shiga ya ɗauka da kansa, kundin faifan waƙoƙin Handy kuwa duk wanda ya ɗauki waƙarsa ya shiga, Bessie Smith ce ko 'yan badujala. Turancin ma bai raba su haka ba sai an yi ƙarin bayani.

Tsohon Ɗan Rediyo: Madalla, 'yata. Ɗan Fagge, ka kuma riƙe z ɗin nan ta buluz da kyau. Ranar da ka rubuta uban bulus, sai a ce Handy kayan banza yake ci.

Bazindariya: Na bi jama'a a kan kundin faifai. Rajistata kuma ba zan yar ba, zan ajiye ta don littafin cikin gida da kamfani ke rubuta ɗaukar kowace rana, tun da shi ma yana bukatar suna.

Ɗan Fagge: An gama, kundin faifan waƙoƙin Handy zan sa a kan babin. Baba, waccan lambar da ake tsagawa a jikin faifan fa? Lambar ɗauka zan ce, don in bambanta ta da lambar kasuwa da ke kan takarda?

Tsohon Ɗan Rediyo: Lambar ɗauka ta yi. Rubuta.