Wa ya tuna fim ɗin nan da ƙasa ta tsage har wata na biyu ya fito?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah sunan wani tsohon fim na Turawa nake nema, na gan shi tun ina ɗan lakwal a wani gidan bidiyo cikin unguwar Zango a Damagaram lokacin da dala biyar ake shiga. Wasu masana ne suka harba bom cikin ƙasa wai su kai ga wutar da ke ciki, sai ƙasa ta tsage, tsagar ta yi ta tafiya ta tudu ta teku, ƙarshe wani yanki ya ɓalle ya tashi sama ya zama wata. Wallahi daren nan ban yi barci ba. Jiya a fada muka yi ta gardama har shayi na uku ya huce, wani na cewa da haƙar man Agadem da foraj ɗin (rijiyoyin burtsatse) da ake ta yi wata rana haka za ta same mu. Shin abin zai iya faruwa?

Mai Kaset:
Wa alaikumus salam ƙanena. Crack in the World ke nan, na 1965, Andrew Marton ya ba da umarni, Dana Andrews ne ya fito a tsohon masanin nan mai taurin kai da ke ɓoye ciwonsa. Labarin a Tanganyika (cikin Tanzaniya ta yanzu, a gabashin Afirka) aka ce ya faru amma a Sipaniya suka ɗauka. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne wani ƙaramin masani ya faɗa masa kar a harba, ƙasa ta riga ta yi rauni saboda gwaje-gwajen bom na baya, ya ƙi ji don kwanansa sun ƙare kuma yana son ya ga aikinsa da idonsa.

Malamin Kimiyya:
Ɗan Birni kwantar da hankalinka. Daga inda kake tsaye zuwa tsakiyar duniya kilomita wajen 6,370 ne. Ramin da ya fi kowane zurfi da ɗan Adam ya haƙa yana Kola a Rasha, sun fara 1970, sai 1989 suka kai mita 12,262, wato kilomita 12 da 'yan kai, faɗinsa bai wuce bakin tukunya ba, zafi ya kai digiri 180 suka kasa ci gaba. Ko ɓawon ƙasar ba su huda ba. Girgizar ƙasa mafi girma da aka taɓa aunawa ta Chile ce a 1960, maki 9.5, ta yi ɓarna sosai amma duniya ba ta rabe ba, kuma nauyin duniya da kansa yana jan komai ya matse shi wuri guda, ba yadda yanki zai tashi haka kawai.

Amma fa masu fim ɗin ba a banza suka zaɓi gabashin Afirka ba, can ƙasa na tsagewa da gaske. A 2005 yankin Afar na Habasha ta buɗe tsawon kilomita kusan 60 cikin 'yan kwanaki. Sai dai rabuwar yankin gaba ɗaya milimita kaɗan ce a shekara, aikin miliyoyin shekaru ne. Kuma wutar cikin ƙasar da suke nema a fim ɗin, Kenya na samun lantarki da tururinta a Olkaria ba tare da bom ko ɗaya ba.

Direban Foraj:
Malam ya gama magana. Ni aikina ke nan, ku zo ku ga yadda dutsen Damagaram ke cin haƙorin inji, ku wuni kuna bugu farar ƙura na tashi tana shiga hanci da ido, ku yi mita 60 ko 70 wani lokaci ko ɗigon ruwa babu, mai gida na tsaye ya zuba tagumi kuɗinsa sun tafi. Duwatsun nan da kuke gani a Birni su ne shimfiɗe ƙarƙashin garin, shi ya sa ruwan famfonmu daga wajen gari ake jawo shi. Mu da muke roƙon Allah mu dace da 'yar tsaga a dutse don nan ruwa ke taruwa.

Tsohon Soja:
Yarana ku bar ni in sa baki. Tsagewar duniya ƙirƙira ce, amma bom a cikin ƙasa an yi shi kuma a maƙwabtanmu. Faransa ta tayar da bom ɗinta na nukiliya na farko a saman ƙasa a Reggane cikin hamadar Aljeriya ranar 13 ga Fabrairu 1960, daga baya suka koma tayarwa cikin dutse a In Ekker, ranar 1 ga Mayu 1962 dutsen ya kasa riƙewa hayaƙi mai guba ya fito ya bi iska, har manyansu da suka zo kallo ya taɓa. Makiyayan da ke wajen wa ya tambaye su? Duk sanda na tuna fim ɗin nan su nake tunawa.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai Baba, wallahi ban taɓa jin wannan ba, jikina ya yi sanyi. Malam Allah ya ƙara ilimi, yau da dare zan karanta wa 'yan fada. Yaya Mai Kaset in kana da shi na Faransanci zan biyo shago bayan la'asar da katin waya ka sa min.