Na sayi sashe a gidan gado a Zariya: yaya za mu yi da filin da muke tarayya da maƙwabta?

Sabon Maƙwabci:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana shari'a da waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali. Na sayi gida a Tudun Wadan Zariya, wanda asalinsa babban gida ne da aka raba wa magada kashi uku, ɗaya daga cikinsu ya sayar mini da nasa sashen. An raba ɗakuna, amma ba a raba filin tsakar gida ba, kuma a cikinsa rijiya take, ta nan ne ma hanyar da dukkanmu muke bi zuwa zaure ta ratsa. Takardar cinikina ta ce na sayi sashen "da haƙƙinsa na fili", ba tare da an ambaci tsawo ko faɗi ba. Ina so in ja katanga domin iyalina su samu sutura, sai dai dattijon da ke sashen gabas ya ce filin na kowa ne, sashe na uku kuma yana hannun matar ƙaninsa marigayi da 'ya'yanta marayu. Ba na son in fara zama da mutane da rigima. Mene ne haƙƙina, kuma ta ina zan fara?

Almajirin Kwarbai:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, dattijon ya faɗi gaskiya, amma ba dukkanta ba. Wanda ya sayar maka ba zai iya sayar da abin da ya wuce mallakarsa ba, abin da ya mallaka a filin nan kuwa kaso ne da ba a ware ba, saboda haka kai abokin tarayya ne a kowane ɓangare na filin, ba mai wani gefe na musamman ba. Don haka ba ka da ikon jan katanga kai kaɗai, ko da inda za ka killace bai kai rabonka ba. Amma kana da ikon neman a raba, matuƙar filin zai rabu ba tare da cutarwa ba. Kuma kada ka ɗauka kashi ɗaya cikin uku ne naka kai tsaye. Rabon gadon da aka yi ne zai nuna kason mai sayarwa.

Wataƙila wani ya tayar maka da zancen shuf'a, wato haƙƙin abokin tarayya na karɓar kason da aka sayar wa bare ta hanyar biyan kuɗin da ya biya. A mazhabar Malikiyya shuf'a tana kan dukiyar da ba a raba ba ne, ba ta tabbata saboda maƙwabtaka kawai, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa babu ita a kan hanya, ko a kan filin gidan da aka riga aka raba ɗakunansa. Wannan ya yi kama da halinka sosai, amma ka kai takardunka wurin malamin da zai duba su da idonsa. Ina kuma tunatar da mu duka hadisin da ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasar wani.

Safiyon Samaru:
Allah ya gafarta Malam, bayaninka ya gamsar, zan ƙara ɓangaren hukuma. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta ɗora dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum yake riƙewa shi ne haƙƙin zama da amfani, kuma idan akwai takardar shaidar mallaka a kan asalin gidan, sayar da wani sashe nasa yana buƙatar amincewar gwamna. A jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke kula da rajistar filaye, KASUPDA kuma ke ba da izinin gini. Abin da za ka fara bincika shi ne ko babban gidan yana da takarda, kuma da sunan wa take, domin yawancin tsofaffin gidaje ba su da komai sai shaidar mai unguwa da ta dattawa. Ra'ayina shi ne a raba filin kowa ya san iyakarsa, a kira safiyo mai rajista ya auna, a kafa duwatsun iyaka a gaban shaidu, a bar hanya da rijiya kawai a matsayin na tarayya. Tarayyar da ta daɗe ba a rubuce ba, 'ya'ya ne suke gadon shari'arta.

Uwar Gida daga Gyallesu:
Ban yarda cewa rabawa ce kaɗai mafita ba. Idan filin ƙarami ne, katanga uku za su mayar da shi lungu, su toshe iska, su kuma hana ruwan sama fita, alhali duk mazaunin Zariya ya san abin da ruwan watan Agusta yake yi wa ginin ƙasa idan ya rasa hanya. Kafin a yi maganar bulo, a duba inda indararon kowane sashe yake zuba, ta ina kwata take fita, da kuma nisan da ke tsakanin rijiyar da duk ramin masai da wani zai haƙa nan gaba.

Abin da ya fi damuna shi ne marayun nan. Mahaifiyarsu tana iya yin shiru don kunya a gaban yayan mijinta, a ɗauki shirun a matsayin yarda, bayan shekaru yaran su girma su ce an ci rabonsu. Dole waliyyinsu ya halarci zaman, kuma a nemi alƙalin kotun shari'a ya tabbatar da duk abin da ya shafi kasonsu. Sabon Maƙwabci, ka sa maiɗakinka ta fara shiga wurin mahaifiyar marayun su gaisa, ta ji abin da take so da bakinta.

Sabon Maƙwabci:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na dakatar da magini. Zan nemi mai unguwa ya tara mu tare da wanda ya sayar mini da waliyyin marayun, a fito da takardar rabon gado, sannan a auna filin kafin a yanke ko za a raba ko za a bar shi. Idan aka bar shi, zan roƙi izinin yin 'yar gajeriyar katanga a ƙofar sashena kawai, a rubuta wanda zai riƙa yasar rijiya da gyaran kwata, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa. Hajiya, maiɗakina za ta shiga wurinta gobe in Allah ya yarda.