Yara sun haddace darasi amma tunaninsu bai canza ba, mi ne mafita?

Mushen Tawa: Salamu alaikum malamai. Ina koyar da kimiyya a kwaleji, darasin zafi da sanyi ƴan lakwal na rubuta shi daidai a kaye, su ci jarabawa, amma in ka tambaye su da baki mi ya sa Afrilu ke da zafi sai su ce ai duniya ce ta matso kusa da rana. Abin na damuna wallahi. Ku taimaka.

Tsohuwar malama, Yamai: Wa alaikumus salam ɗana. Ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, hoto ne a kansu tun kafin su zo wurinka, sun san in ka matso kusa da murhu ka fi jin zafi, to da shi suke auna rana, kuma hadda ba ta goge hoto. Wani masani ɗan Birtaniya, Kenneth Craik, tun 1943 ya rubuta cewa mutum na ɗauke da ƙaramin samfurin duniya a cikin kanshi yana gwada abu da shi kafin ya aikata. Ka bari su faɗi nasu tukuna, sannan ka gaya musu farkon Janairu duniya ta fi kusa da rana, wajen kilomita miliyan 147, Yuli kuma miliyan 152. Janairun da muke rawar ɗari cikin hunturu! Sai ka yi shiru su yi gardama.

Ɗan Adar: Gaskiyar Hajiya. Amma in ka rushe tsohon ba ka ba su sabo ba, gobe shi za su koma ma. Ɗauko ƙwallo a matsayin duniya da tocila a matsayin rana, karkata ƙwallon wajen digiri 23 kamar yadda duniya ke karkace, su ga inda haske ya faɗo tsaye da inda ya baje. Ku kafa sanda a fili kuna auna inuwa da rana tsaka, wajen ƙarshen Afrilu kusan ɓacewa take yi don rana na bisa kai.

Ɗalibar jami'a: Malam a duba zanen littafi ma, hanyar da duniya ke bi tana kewaya rana ana jan ta doguwa alhali kusan da'ira ce, shi ke ƙara ruɗa yara. Kuma za su tambaye ka Agusta, rana ta sake dawowa bisa kai amma babu zafin Afrilu, nan dole hadari da ruwan damina su shigo cikin bayanin.

Mushen Tawa: Na gode ƙwarai. Sandar zan fara da ita ranar Litinin in sha Allah.