Tambarin RFID ya isa ya nuna inda kwali yake a sito?

Shugaban sito: Jama'a, ina nan kan bakata. In kowane kwali na ɗauke da tambarin RFID, wato ɗan tambarin da na'ura ke karanta lambarsa ta siginar rediyo, neman kaya ya ƙare, mutum-mutumi zai je ya ɗauko kai tsaye. Tun 2003 Walmart, babbar cibiyar kantunan nan ta Amurka, ta umarci manyan masu kawo mata kaya 100 su fara liƙa shi zuwa Janairun 2005.

Injiniya: Ranka ya daɗe, tambarin amsa kira kawai yake yi. Ba shi da batir, ƙarfin da eriya ta turo yake ara ya mayar da lambarsa. Na'urar da ke karanta tambarin za ta tabbatar kwalin yana kusa, cikin 'yan mitoci. To a wace kanta, a wane hawa? Hannun mutum-mutumi kuwa da santimita yake aiki.

Mai kula da lodi: Abin da ke cin raina ke nan. Ƙofofi biyu na maƙwabtaka, sai eriyar wannan ta karanto kayan waccan, kwamfuta ta rubuta an loda su alhali suna ƙasa.

Shugaban sito: Hajiya, ai sai a auna ƙarfin siginar. Mai ƙarfi yana kusa, mai rauni yana nesa.

Injiniya: A fili hakan na iya yi. Sito kuwa cike yake da kantocin ƙarfe, sigina na dukansu ta dawo ta hanyoyi da yawa, kamar amsa-kuwwa. Kayan ruwa su shanye ta suke yi. Ko juya kwalin aka yi, awon ya sauya. Shi ya sa aka koma auna matakin da igiyar siginar ta dawo a kai cikin hawa da saukarta. Wannan ya fi kaifi, amma a megahaz 915, mitar da irin waɗannan tambura ke aiki a kai, tsawon igiyar kusan santimita 33 ne, da zuwa da dawowa awon na maimaita kansa duk santimita 16 da ɗoriya. Dole a haɗa eriya da dama, ko a yi ta aunawa kaya na tafiya kan bel.

Ɗalibi: Malam, amma a 2017 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun nuna wani tsari mai suna RFind, ya gano wurin tamburan RFID da ake sayarwa a kasuwa da kuskuren da bai kai santimita ɗaya ba.

Injiniya: Haka ne, kuma aiki ne mai kyau. Sai dai da ƙarin na'ura suka yi shi, ba da na'urar karanta tambari da ke sito yanzu ba.

Shugaban sito: To tambarin UWB fa, wato wani nau'in tambarin rediyo da ake gano wurin abu da shi?

Mai kula da lodi: Yallaɓai, shi batir gare shi, ga tsada. A kan motar ɗaga kaya ya dace. Wa zai liƙa shi a kwalin da za a yar gobe?

Shugaban sito: Ban sauka ba tukuna. A liƙa tambura a kantocin da muka san wurinsu, a riƙa kwatanta na kwali da su.

Injiniya: Wannan na yarda a gwada, zai rage kuskuren. Amma kyamara ta tabbatar kafin hannu ya ɗauka, kuma a fara da layin kayan ruwa.