Ƙauye ne ko mace ce? Muhawara kan karatu a Indiya

Malamin Lissafi: Jama'a, ni dai har yanzu ina kan bakana. Matsalar rashin karatu a Indiya ta ƙauye ce, ba ta mata ba. A ƙidayar 2011 masu iya karatu da rubutu a birni sun kai kashi 84 cikin ɗari, a ƙauye kuwa kusan 68. A kai makaranta da hanya da wuta ƙauye, maganar ta ƙare.

Uwar Biyu: Malam, ka dunƙule alƙaluman ne. Warware su ka gani. Namijin birni kusan kashi 89, macen birni 79, namijin ƙauye 77, macen ƙauye kuwa 58 da ƙyar. Ƙauye ɗaya, rijiya ɗaya, makaranta ɗaya, amma tsakanin miji da matarsa akwai tazarar maki 19. Hanya ce ta raba su?

Malamin Lissafi: Hajiya, ai ga hujjata a bakinki. Macen birni ta ɗara namijin ƙauye.

Uwar Biyu: Da maki 2 fa. Ita kuma macen ƙauye kowa ya bar ta a baya da nisa.

Ɗalibi a Haidarabad: Baba Malam, Anti, ku yi haƙuri in sa baki. Ƙidayar tana lissafa duk wanda ya kai shekara 7 zuwa sama, har da tsohuwar da aka haifa lokacin da kusan babu yarinyar da ke zuwa makaranta. A 1951 matan Indiya da suka iya karatu ba su kai kashi 9 ba. Waɗannan kakannin ne ke jan adadin ƙasa. Tazarar maza da mata ta sauko daga kusan 22 a 2001 zuwa 16 a 2011. Matar da ke mana shara a masauki dangwale take yi da babban yatsa in za ta karɓi kuɗinta, amma 'yarta ce ke karanta mata saƙon banki a waya.

Uwar Biyu: Allah Ya yi wa yarinyar albarka. Amma ɗana, uwar fa? A jira ta mutu sannan adadi ya yi kyau? Abin da ke ci mini rai ke nan. Tun 1988 gwamnatin Indiya ta kafa shirin yaƙi da jahilci na manya, ga shi har yau ana dangwale.

Tsohon Hedimasta: Ni abin da nake so ku duba shi ne jihohi. Kerala tana da ƙauyuka fal, amma matanta sun haura kashi 90. A Rajastan, a ƙidayar 2011, matan ƙauye masu iya karatu ba su kai rabi ba. In da zama a ƙauye ne ciwon, da Kerala ba ta tsira ba. Can tun 1817 masarautar Travancore, a kudancin Kerala ta yau, ta ɗauki nauyin ilimin talakawanta. A Rajastan kuwa aurar da yara da wuri da lulluɓe mace a gida sun daɗe suna cire 'yan mata daga aji.

Malamin Lissafi: To Bihar fa, ranka ya daɗe? Talauci ne ya sa ta zo ƙarshe a jihohi a 2011 da kusan kashi 62, maza ma ba su tsira ba.

Tsohon Hedimasta: Gaskiya ne. Amma da gwamnatin Bihar ƙarƙashin Nitish Kumar ta tashi gyara a 2006, kekuna ta raba wa 'yan matan sakandare, don ta san wa nisan hanya ke hanawa fita. Yaro zai taka kilomita biyar, uba ba zai bar 'yarsa ta taka ba.

Ɗalibi a Haidarabad: Akwai kuma wani abu. Mai ƙidaya ba ya jarraba kowa, tambaya yake yi a rubuta abin da aka faɗa. Binciken Pratham, wata ƙungiyar ilimi mai zaman kanta, ya sha nuna cewa kusan rabin yaran aji 5 a ƙauye ba sa iya karanta littafin aji 2.

Uwar Biyu: Kuma wa ke amsa wa mai ƙidaya a ƙofar gida? Maigida. Malam, ka ba ni amsar maki 19 ɗin nan tukuna.