Neman lambar Mersenne da laftof a Kano: in shiga ko in haƙura?

Ɗan Ɗorayi: Salamu alaikum. Lissafi nake karanta, aji uku. Ina son saka manhajar GIMPS, wani shirin haɗin gwiwar masu sa kai ta intanet, a laftof ɗina in shiga neman sabuwar lambar Mersenne, wato a yi ta ninka 2 da kanta, a cire 1, abin da ya fito ya ƙi rabuwa sai da 1 ko da kansa. Wanda ya gano sabuwa dala 3,000 ake ba shi. Gwaji ɗaya kan ci makonni, kuma kuɗin batirin sola ɗaya tak nake da shi. In saya? Wa ya taɓa gwadawa?

Baban Ilham: Ƙanena, ka sayi janareta kawai.

Malam Na Gwale: Irin waɗannan lambobi 52 kacal aka sani. Ta ƙarshe Luke Durant ya gano a Oktoban 2024: a jera 2 har guda 136,279,841 a ninka su da juna, a cire 1, alƙalumanta 41,024,320. Tsohon ma'aikacin kamfanin kayan kwamfuta na NVIDIA ne, dubban injuna ya yi haya a ƙasashe 17. Kafin ita sai ta 2018. Kuma ko adadin ninkin bai rabuwa, ba lallai a dace ba: 11 ba ya rabuwa, amma in aka ninka 2 guda 11 da juna aka cire 1, 2047 ake samu, wato 23 sau 89.

Mai Gyaran Waya: Ni na gwada, cikin zafin Afrilu. Fanka ta yi ta kuka dare da rana, na ɗora laftof ɗin kan murfin tukunya don ta sha iska. Da asuba aka kawo wuta da ƙarfi, caja ta yi baƙi, ɗaki ya gume da ƙauri. Duk aikin furojet ɗina yana ciki. Mai gyara ya riƙe ta har bayan Sallah, ya dawo min da ita babu RAM ɗaya. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ummu Sadik: Allah ya mayar da alheri. Batir kuwa dubu 280 na saya a Sabon Gari.

Baban Ilham: Hajiya, wane shekara? 400 aka ce min jiya.

Malam Na Gwale: Ba sai da batir ba ma. Manhajar tana ajiye inda ta tsaya, in wuta ta dawo ta ci gaba.

Mai Gyaran Waya: Malam, ku a allo kuke lissafinku. Wanda kayansa suka ƙone shi ya san zancen.

Sarkin Zolaya: In ka gano a sa mata suna Ɗorayi Babba. Amma lambar da ta fi girma tana jikin takardar kuɗin wutar gidanmu, ita ma ba ta rabuwa, maƙwabta sun ƙi biya.

Ummu Sadik: Kai dai bari! Taransifomar layinmu tun kafin azumi ta lalace, an karɓi kuɗi gida-gida, takarda kuma ba ta fasa zuwa ba.

Ɗan Ɗorayi: To batirin fa?

Baban Ilham: Hajiya, nawa aka karɓa a wajenku? Mu har sau biyu aka zagayo.